Kyanwar da Na Ce Ba Ma So

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har tsofaffin abokan aikina na firamare, waɗanda rabona da su tun layin tantance 'yan fansho, sun gano hanyar gidana. Kowa so yake ya ji yadda ƙasar take, da ko gaskiya ne sanyinta yana daskarar da yawu a baki. Abin dariyar shi ne, da zan tafi cewa na yi zan je Kaduna ganin likitan ƙafa. Ban san wanda ya tona ni ba, amma ina zargin safar ulu da na shanya a igiya. To tunda asiri ya riga ya tonu, gara in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa.

Wanda ba ɗan Birnin Gwari ba zai ɗauka rowar labari ce ta sa na ɓoye. Mu nan shekarun da daji ya lalace sun koya mana ƙanƙantar da kai. Mai shanu ya ce kiwo aka ba shi, mai shago ya ce shi yaron shago ne, wadda ɗanta ke ƙasar waje ta ce yana Legas yana gadi. Yanzu an samu sauƙi, kasuwa ta dawo, manoma sun koma gona, amma bakinmu bai gama yarda ba. Ni kuwa dalilina ya fi na kowa, don na taɓa zama a dajin nan ba da son raina ba, a hanyar dawowa daga ta'aziyya a Randagi. Zan zo kan wannan a gaba.

Sakina, 'yata ta uku, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari kusa da Manchester. Lokacin hutun Kirsimeti abokan aikinta duk gida suke so su zauna, sai aikin ya koma kan irinsu Musulmi. Maigidanta ma a wani katafaren sito yake aiki, kuma lokacin ne kaya suka fi yawa. Makaranta a rufe, ga 'yarsu Hanan ba mai zama da ita, shi ne aka ce in zo. Ni ma da tawa a raina. Yarinyar nan tana goye aka tafi da ita, yanzu tana neman shekara takwas. In aka kira ni ta bidiyo sai ta leƙo, ta ɗaga hannu, ta gudu. Jikokina na nan hawa kaina suke yi, su sace min goro, su ce min tsohuwa mai ran ƙarfe, ita kuwa ko sunan da za ta kira ni da shi ba ta da shi. Abin da na je nema ke nan, in dawo ina da jika a can, ba hoto ba.

Ranar tafiya na ɗaura tsohon zanen da ya koɗe, na sa hijabi mai faci da silifas. Akwatin kirki da rigar sanyi tuni an kai su Kaduna gidan ƙanena Idi. Mutumin da ya zauna gefena a mota na san shi, manyan motocin dakon hatsi gare shi, amma ya shigo da riga mai yagaggen aljihu yana ƙorafin tsadar maganin tari. Na jajanta masa, shi ma ya jajanta wa ƙafata. Da muka shiga dajin direba ya kashe rediyo, kowa ya yi shiru yana motsa baki. Sai da muka kai Buruku hira ta ɓarke, mai yagaggen aljihu ya zaro babbar waya daga cikin safarsa ya fara ba yaransa umarni.

Daga Kaduna Idi ya raka ni Abuja ya sa ni a jirgi. A ciki na samu maƙwabciya, wata mata daga Inugu da za ta je yi wa 'yarta wankan jego, karo na uku ke nan. Ita ta nuna min yadda ake buɗe ƙofar bayi, ta kuma cinye min wani abu da aka kawo mai kama da kifin da aka dafa ba a gaya masa ba. Da ta ji ina ɗauke da kilishi da dambun nama sai ta ce in ci abin da zan iya ci yanzu. Na ɗauka kwaɗayi ne ya motsa mata, na ƙara ƙulle jakar.

A bakin iyakarsu na fara kwafsawa. Sakina ta sha ja min kunne a waya cewa can ba a cewa ba a da shi, na ce na ji. Amma da na tsaya gaban wata jami'a mai kaki, ta tambaye ni wurin wa na zo, me take yi, ni kuma me na bari a gida, sai bakina ya riga ni. Na ce mata mijina ya rasu, ba ni da komai, 'yar tawa ma share-share take yi a asibiti. Matar ta ɗago ta dube ni, ta nuna min wani benci a gefe. A kan bencin nan hankalina ya dawo, na gane nan juyin gida ne: a dajinmu mai shi ake riƙewa, a iyakarsu kuwa marar shi. Da aka sake kirana na zage na lissafa gida da gona da fansho da 'ya'ya masu aiki. Tun da aka haife ni ban taɓa faɗin arzikina gaban mai kaki ba, ina yi ina waige. Ta buga min hatimi, ta ce in ji daɗin hutu.

Gaba kaɗan wani kare mai rigar aiki ya zauna gefen akwatina ya ƙi tashi. Kilishi ya tafi, dambu ya tafi, man shanu ya bi su. Jami'in ya buɗe ƙullin daddawa, ya rufe da sauri, ya mayar min da abina ba tambaya. Kuka da kuɓewa da turaren wuta su ma suka tsira. Matar Inugu ta wuce ni tana tura kayanta, ta dube ni ta gefen ido, kuma kallon nata ya fi min ciwo.

Gidan su Sakina siriri ne mai bene, manne da na maƙwabta hagu da dama. Aka ba ni ɗakin sama mai taga ɗaya da ba a buɗewa. Sanyin kam na gaske ne, sai dai yawu bai daskare ba, ku daina yaɗawa. Abin da ya fi damuna rana ce. Ba ta fitowa da wuri, in ta fito ba ta da zafi, kafin ka juya ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba bin juna suke yi ba numfashi, da alwala ɗaya nake sallamar su duka. Titi kuwa ko'ina fitilu masu walƙiya, kowace taga da bishiya a ciki an yi mata ado. Mu nan in itace ya shigo ɗaki murhu zai tafi, su kuwa sai su ba shi wurin zama mafi kyau a falo. A gida ranar Kirsimeti maƙwabciyata Maman Rahila tun hantsi take aiko min da shinkafa da kaza, ƙofarta a buɗe har dare. Can kuwa duk kusantowar bikin, ƙofofi ƙara rufuwa suke yi.

Sai maigidan na gaskiya, wato kyanwa. Sunanta Biskit, toka-toka ce, jibgegiya, da wani ɗan maɗauri a wuya mai ƙarfe da aka rubuta lambar waya a jiki. Tana da likitanta, da katin rigakafi, da gado kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Abincinta a gwangwani yake zuwa, in ta yi ba-haya kuma ɗan Adam ne mai digiri zai durƙusa ya kwashe. A gidana kyanwa ma'aikaciya ce, tana gadin buhunan masara, ladanta ƙashin kifi. Wannan kuwa na tabbata in ta ga ɓera likita za a kira mata.

Washegari Sakina tana ɗaura takalmin aiki tana karanta min dokoki. Kada in ba ta abin da aka sa wa albasa ko tafarnuwa, wato duk abin da na iya dafawa. Ba cakulan, ba ƙashin kaza. Zaren ƙyalƙyalin da Hanan ta kawo daga bikin makaranta a ɓoye shi, in ta haɗiye yana naɗe hanji. In maƙwabta sun kawo fure kada ya shigo, wasu guba ne gare ta. Uwa uba ƙofa: ba ta saba fita ba, kuma a irin wannan sanyi kyanwoyi cikin injin mota suke shiga neman ɗumi, mai mota ya tayar bai sani ba. Ta ajiye min wayar gida, wadda lambarta ke wuyan kyanwar, don ita in ta shiga ɗakin marasa lafiya tata a kashe take. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Inna, ba wasa nake ba. Da muka dawo garin nan Hanan ba ta da ƙawa ko ɗaya, wata da watanni ba ta magana a makaranta. Kuliyar nan ce ta buɗe mata baki. In wani abu ya same ta, ba za ta yafe ba."

Na ce na riƙe aji mai yara fiye da ɗari, kyanwa ɗaya ba za ta gagare ni ba.

Kwanakin farko kishi na yi da dabba, ba zan ɓoye ba. Hanan yarinya ce mai ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo. Na ce in yi mata kitso, ta ce ta gode. Na fara tatsuniya da Turancina na firamare, ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gode, ta ɗauki Biskit suka hau sama, ina jin ta tana zuba mata surutu. Rannan na gutsuri tuwo na dangwali miya na miƙa wa kyanwar don neman shiri, yarinyar ta zo a guje ta ɗauke kwanon. Ranar ce ta fara yi min doguwar magana, duk a kan albasa.

Ana gobe Kirsimeti, da hantsi, na ga gidan ya ishe ni da warin rufi da na gwangwanin kifi. Na ce yau sai gidan 'yata ya yi ƙamshin gidan mutane. Ba kasko, ba garwashi, sai na ɗora tsohuwar tukunya a kan murhun lantarki na zuba turaren wuta da hannu sake. Hayaƙi ya tashi gwanin daɗi. Ashe akwai wani ɗan farin faifai manne a silin, aikinsa jiran hayaƙi. Ya ƙwalla ƙara irin wadda ban taɓa ji ba. Na buɗe ƙofar gaba, na buɗe ta baya, na cire ɗankwali ina yi masa fifita. Wani abu toka-toka ya gifta ta tsakanin ƙafafuna, sai da ƙarar ta mutu na gane ko mene ne.

Muka fita nema, ni da Hanan. Tana tafe tana kaɗa gwangwanin abinci tana kira, ni ina leƙa ƙarƙashin motoci, gwiwoyina suna tuna min ashe ƙaryar ciwon ƙafar tana da gaskiya a ciki. A gida da tuni yaran unguwa sun bazu, wani ya ce ya gan ta a bayan masallaci. Nan kuwa muka buga ƙofofi, wasu suka buɗe iya faɗin fuska, suka ce sun yi baƙin ciki ƙwarai, suka rufe. Duhu ya kore mu gida. Hanan ta zauna a matakalar bene da rigar sanyinta, ta ƙi cirewa, ta ƙi ci.

Bayan Magariba wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, muryar namiji, a nutse, ba sallama mai tsawo. Ya ce kyanwarmu tana hannunsa.

Ni na san a Ingila nake. Kaina ya sani sarai. Amma jikina bai sani ba, don muryar namiji a baƙuwar lamba tana cewa naku yana hannuna abu ɗaya take nufi a inda na fito, kuma ko yaro ya san yadda ake amsawa. Na gyara tsayuwa, na sanyaya murya, na tambaye shi wace kyanwa. Ya kwatanta ta. Na ce au, wannan, ai ba tamu ba ce sosai, tsintar ta aka yi. Tsohuwa ce, ga ciwo, ko ɓera ba ta kamawa, sai ci. Mu talakawa ne, da ma ta yi mana nauyi, in yana so ya riƙe. Ya ce ya fahimta, ya kashe.

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina na karya masa farashi, zai sake kira da murya mai laushi. Na juyo don in yi wa Hanan albishir an gan ta da rai, sai na tarar da ita tsaye a matakala. Da Turanci na yi maganar, ba abin da ya wuce ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Kallona kawai ta yi, ta hau sama, ta rufe ƙofa. Mutumin kuma bai sake kira ba.

Da Sakina ta dawo na zayyana mata komai, har da ɗan alfahari. Ta zauna a kujera da jakarta a kafaɗa.

"Inna, ciniki kika yi?"

Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ta rufe fuska. Sannan ta kira lambar. Wani dattijo ne, Mista Alan, a layin bayanmu. Ya ce da kunnensa ya ji an ce ba a son dabbar, don haka ba zai mayar da ita gidan ba. In an gama hutu zai miƙa ta ga masu kula da dabbobi, ya faɗa musu abin da ya ji, su san gidan da ya dace da ita. Sakina ta roƙa, ta rantse, ta ambaci likitan Biskit da katinta. Ya ce ba da ita ya yi magana ba. In matar da ta faɗa za ta zo ta dube shi ta faɗi akasin haka, zai saurara. Washegari kuwa Sakina da maigidanta duk suna aiki.

Ranar Kirsimeti na dafa shinkafa da miyar kaza na zuba a kula, don ba a zuwa karɓo mutum hannu sake, kuma ba a shiga gidan maƙwabci ranar bikinsa haka nan. Hanan ta ɗauki kwandon kyanwar ta yi gaba, tazara tsakaninmu kamar ba tare muke ba. Titi fayau, ba kowa sai fitilu.

Dogon tsoho ne ya buɗe, da rigar ulu mai hoton barewa da hular takarda irin ta sarakunan wasan yara. Na leƙa bayansa ina neman jama'ar bikin, sai tebur da faranti ɗaya. Matarsa ta rasu, ɗansa yana wata ƙasa, zai kira da yamma. Bishiyarsa daga ƙugu zuwa ƙasa tsirara take, ya ce jiya ya cire adon don kada baƙuwar ta haɗiya, furen da aka aiko masa ma ya kai gareji. Biskit tana kwance a kujerar marigayiyar, ko ɗaga kai ba ta yi don ni ba. Ya ce shi duk lokacin sanyi sai ya bubbuga murfin injin kafin ya tayar da mota, jiya ya buga aka amsa masa daga ciki. Hanan ta durƙusa ta cusa fuskarta a gashin kyanwar. Shi kuma ya tsaya tsakanina da su, ya cire hular takardar.

"Tambaya ɗaya ce. Kina son kyanwar nan ko ba kya so?"

Ku da kuke nan kun san abin da ya same ni. Harshena ya ƙi. A ce wa wanda yake riƙe da naka kana son sa, a gabansa, cikin gidansa? Hanan ta ɗago tana kallona. Sai na ce masa ya ba ni kujera, zan ba shi labari, in ya so ya yanke hukunci.

Na gaya masa yadda aka tare baburanmu a hanyar Randagi, aka kora mu cikin daji, muka yi makonni a ƙarƙashin bishiyoyi. Na gaya masa ranar da suka kira gida, suka ƙara muryar wayar don in ji, suka ajiye ta a gabana. Sakina ce ta ɗauka. Na maimaita masa abin da ta ce, don har in mutu ba zan manta ba: "Ba uwata ba ce, riƙona ta yi. Tsohuwa ce ta gama amfani, ko abincinta ba ma iya saye. In kuna so ku riƙe ta." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Wata baƙuwa da aka kama mu tare, ba 'yar yankin ba, ta fashe da kuka don tausayina. Ni kuwa na sunkuyar da kai don kada su ga farin cikin da ke fuskata. Da ta yi kuka, da ta ce uwata, da sun nemi abin da danginmu kaf ba za su iya haɗawa ba, da a can aka binne ni. Tana wannan maganar ne alhali ta riga ta sa filinta da 'yan kunnenta a kasuwa. Na ce masa mu a wurinmu, a waya, wanda ka fi so shi kake fi rainawa.

Ban dubi Hanan ba, don ban san ko uwarta ta taɓa gaya mata ba. Na ƙarasa abin da ya kawo ni.

"Muna son ta. Ita ce ran yarinyar nan, yarinyar nan kuma ita ce nawa."

Ina gama faɗa na waiga taga, don sabo. Ba kowa a wajen sai motarsa.

Tsohon ya ɗauko kwandon da kansa ya buɗe. Na jira in ji sharaɗi, bai kawo ba. Na tambaye shi me za a ba shi, ya ce bai gane ba. Ni kuma hankalina ba zai kwanta da sakin da ba a karɓi komai ba, sai na buɗe kular na juye masa a farantinsa ɗaya tilo, na tsaya a kansa. Ya kai loma, ya ƙara, sai ga hawaye. Har na fara ba shi haƙurin rashin matarsa, Hanan ta ruga ta kawo masa madara, ashe attaruhu ne. Da ya samu numfashi ya tambaya ko za a riƙa barin sa ya leƙo Biskit jefi-jefi. Hanan ce ta amsa, ta ce ya zo ran Asabar.

Da yamma na ji Hanan da uwarta a ɗaki, ƙofa a rufe, sun daɗe. Washegari dai yarinyar ta zauna a teburin da nake ta ci ƙosaina, ba ta ce ta gode ba. Na lura da wannan, na kuma ji daɗinsa.

Ranar jajibirin sabuwar shekara Sakina ta manta ba ta gaya min ana wasan wuta ba, kuma masu zumuɗi tun bayan Magariba suke farawa. Ina wanke kofi na ji ta-ta-ta a bayan gida, sai wani ya amsa daga gabas. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na ja ciki na shige ƙarƙashin teburin cin abinci, na tarar Biskit ta riga ni, muka dubi juna ba mai yi wa wani gori. Hanan ta sauko ta gan mu. Sai ta yi abin da aka koya mata a yi wa kyanwa a irin wannan rana: ta ja labule, ta ƙara muryar talabijin, ta kawo bargo. Da mu biyu ta lulluɓe. Ta shigo ta zauna a tsakiya, hannu ɗaya a bayan kyanwar, ɗaya a nawa, har uwarta ta dawo ta same mu a haka.

Da hutu ya ƙare na kamo hanya. A filin jirgi Hanan ta rungume ni a gurguje ta koma bayan uwarta, har lokacin ba ta kira ni da wani suna ba. Na ce a raina to, an samu rabi, Allah Ya sa da rabon wani zuwan. Wajen fita ba jami'in da ya tambayi arzikina. A Kaduna na bar akwati da rigar sanyi gidan Idi, na koma cikin koɗaɗɗen zanena da hijabi mai faci, na hau motar gida ina ɗingishi yadda ya kamaci mai dawowa daga likitan ƙafa.

Mun wuce Buruku, direba ya kashe rediyo, kowa ya fara motsa baki. Wajen Udawa ƙaramar wayata ta ɗauki ƙara a cikin shirun nan, duk motar aka juyo ana hararata. Na ɗauka da niyyar kashewa, sai na ji 'yar siririyar murya da Hausa karkatacciya, irin wadda aka kwana ana haddacewa.

"Iya, kin shiga daji?"

Iya, sunan da jikokina na gida suke kirana da shi. Na ce na shiga. Ta ce in ƙara murya kowa ya ji. Na danna. Ta ja numfashi, ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, yadda ake karatu a gaban aji.

"Wannan tsohuwa ba tamu ba ce. Ba ta da amfani. Ba ma son ta." Ta ɗan tsaya. "Ko kaɗan."

Sai na ji tana tambayar uwarta a hankali da Turanci ko ta faɗa daidai, layin ya yanke.

Ba wanda ya yi dariya a motar, ba kuma wanda ya nemi bayani, don duk 'yan gida ne. Wani dattijo a kujerar gaba ya yi gyaran murya.

"Hajiya, jikarki ce? Allah Ya raya ta, ta san darajar mutum."

Na ce masa a'a, 'yar maƙwabta ce, a Legas suke, ubanta gadi yake yi, ban ma san ta sosai ba. Ya gyaɗa kai, ya miƙo min hankicinsa ta saman kafaɗa ba tare da ya waiwayo ba.